Haƙoran giyar da Alhaji ya dawo mana da su a buhu

Kafin wani ya fara min wa'azi, giyar inji nake nufi, mai haƙora, ba waccan ba.

Shagonmu yana Sharaɗa a Kano, aikin ƙarfe muke, kuma abun da zan ba da labari ya faru ne a kan wasu ƙananan giya masu haƙora 18, modul 4 (ma'aunin girman haƙori kenan), faɗin haƙori milimita 50, da wani Alhaji mai haɗa injinan matsar man gyaɗa ya ba mu. Mun yanka kashin farko, an kai an ƙona su sun yi tauri, ya ɗaura a akwatin giya, bayan sati biyu sai ga shi da buhu ya zube mana su a ƙasa gaban oga. Yace injin kuka yake kamar ana yankan akuya, akwatin yana zafi har ba ka iya ɗora hannu, kuma in ka tsiyaye man sai ka ga yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe. Oga yace Alhaji a yi haƙuri a ba mu kwana goma. Kwana goman nan sai da suka zama wata ɗaya da 'yan kwanaki.

Abun da ya sa lamarin ya yi mana tsanani shi ne mu ba mu da injin goge haƙori bayan ƙonawa. Manyan masana'antu in sun yanka giya sun taurara ta sai su bi da dutse su cire ɗan abun da ya rage, duk wani kaushi ya tafi. Mu kuwa yadda fuskar haƙori ta fito daga injin yanka haka za ta shiga wuta haka za ta fito, sai dai ma ta ƙara taurin kai. Kuma fatar man da ke shiga tsakanin haƙora biyu lokacin da suke haɗuwa siririya ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai maikuron 1 ko 2 ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali gashin kan mutum ma yana kai maikuron 70. Toh ka ga in akwai tudu mai maikuron 10 a fuskar haƙori ai man ba shi da ta cewa, ƙarfe ne zai ci ƙarfe.

Injin namu na hannu muka saya, injin hob ne mai kwamfuta, kwamfutar ta kamfanin Fanuc ce. Ga wanda bai taɓa gani ba, hob wata wuƙa ce mai kama da katon sukuru da aka tsattsaga shi a tsaye ya zama haƙora-haƙora, tana juyawa, ƙarfen da za a yanka shi ma yana juyawa a kan tebur, su biyun a ɗaure da juna da lissafi, wuƙar kuma tana tafiya a hankali tare da tsawon haƙorin. Dabarar tsohuwa ce, tun 1897 wani Bajamushe Hermann Pfauter ya yi rajistar injin da ke yanka miƙaƙƙun haƙora da karkatattu da ita. Bambancin na yanzu kawai shi ne da can giyoyi ake jerawa a bayan inji su haɗa juyin wuƙa da na tebur, yanzu kuwa kwamfuta ce ke haɗawa, ka rubuta G81 T18 L2 ta gane haƙora 18 ne wuƙa mai zare 2, duk juyi 9 na wuƙa tebur ya yi 1.

Kuma wallahi nan muka fara ɓata. Tunda injin na kwamfuta ne sai kowa ya ɗauka ciwon a kwamfuta yake. Sati guda cur ina gaban allo, in rage wannan in ƙara wancan, har muka kira wani injiniya ya zo da laftof ya duba ko tebur yana bin wuƙa daidai, ya zana mana layi a allo yace injinku lafiyarsa ƙalau, ya karɓi kuɗin motarsa ya tafi. Gaskiya ya faɗa. Ni kuma a lokacin haushinsa na ji. Babban wautar da na yi ita ce ina canza abu uku huɗu a lokaci ɗaya, in giya ta fito da ɗan dama-dama ban san wanne ne ya gyara ba, in ta lalace ban san wanne ne ya ɓata ba, kuma ban rubuta komai.

Sai oga ya kira wani dattijo abokin mahaifinsa, wanda ya yi shekaru yana gyaran injina a masaƙun Kakuri a Kaduna kafin a rufe su. Baba bai ko kalli allon ba. Yace yaro kawo min kananzir da tsumma, ya wanke giya uku tas, ya fita da su rana ya zauna a kan benci da ɗan gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, yana bin haƙori da farce. Can yace min zo ka gani, ciwo nawa ka ƙirga a nan? Nace Baba kaushi ne kawai. Yace a'a, guda biyar ne, kowanne da mai shi, kai kuma kana ba su magani ɗaya.

Na farko da ya nuna min wasu ƙananan kwaruruka ne a jere tare da tsawon haƙorin, tsakaninsu daidai wa daida kamar kunyoyin gona. Ya sa na auna tazararsu da baniya, milimita 3. Yace nawa ka sa tafiyar wuƙa a kowane juyin tebur? Nace 3. Ya yi dariya. Wannan ba ciwon inji ba ne, lissafi ne tsagwaronsa, wuƙa zagayayya ce, duk inda ta yanka sai ta bar kwari, tsakanin kwari da kwari tudu. Tsayin tudun a gindin haƙori shi ne tafiyar sau kanta, a raba da kaurin wuƙa sau 4. Wuƙarmu milimita 80 ce, wato 9 a raba da 320, maikuron 28 kenan. A gefen haƙori inda ake gogayya sai a ninka da 0.342 saboda karkatar gefen ta digiri 20 (sain ɗinta kenan a lissafi), ya ba ka kusan maikuron 10. Daɗin lissafin shi ne in ka raba tafiyar biyu tudun ba biyu yake rabuwa ba, huɗu yake rabuwa: a 1.5 ya koma 2.4, a 1 ya koma kusan maikuron 1. Ni da na yi sati ina neman aljani a cikin kwamfuta ashe lambar da na rubuta da hannuna ce.

Wani abun da ya ƙara ruɗa mu a baya, mun aro na'urar auna kaushi, mai ba da lambar Ra, zanen Alhaji yace 1.6, wasu haƙoran ta ba mu lamba kusa da haka muka ce ai mun ci. Ashe an saita ta a kan tsayin milimita 0.8, duk wani tudu da kwari da tazararsa ta fi haka sosai tacewa take ta zubar, tana ɗaukarsa a matsayin lanƙwasa ba kaushi ba. Kunyoyinmu masu milimita 3 ta gabansu take wucewa ba ta gaishe su. Farcen Baba ya fi ta gaskiya a wannan ranar.

Na biyu sai ka juya haƙorin a rana kake ganinsa, daga gindi zuwa kai maimakon ya lanƙwasa sumul sai ya zama fale-fale kamar an fere rake da wuƙa. Dalili shi ne hob ba ta zana lanƙwasar a tafi ɗaya, yanka-yanka miƙaƙƙu take jerawa, yawansu ya danganta da tsagar wuƙa da yawan zarenta. Tamu tsaga 12 zare 2. Da muka buga lissafin a haƙora 18 modul 4, mai zare 2 tana barin kusan maikuron 5, mai zare 1 kuwa 1.3, nan ma sau huɗu. Ga kuma wani mugun abu, 18 tana rabuwa da 2 ba saura, saboda haka zare na farko kullum haƙoransa guda 9 yake yanka, na biyu ma nasa 9, ba sa taɓa musanya, in akwai ɗan bambanci tsakanin zaren biyu sai ya kwanta a giyar, wannan haƙori gaba wancan baya. Ina kyautata zaton rabin kukan da Alhaji yake ji daga nan yake. Mun sayi mai zare 2 ne don sauri, kuma a giya mai haƙora da yawa da za a goge daga baya ba laifi, amma a ƙaramar giya irin wannan kuskure ne, kuma ni na ba da shawarar sayenta.

Sai muka yi odar sabuwar wuƙa mai zare 1. Kafin mu sa ta Baba yace a ɗora agogon awo a kafaɗar wuƙar da ke kai a juya da hannu. Allura ta yi rawa har milimita 0.04. Wuƙa mai daraja AA a ma'aunin DIN 3968 an ƙera ta ne da kuskuren 'yan maikuron, mu kuma mun ɗaura ta tana lilo da maikuron 40, kamar ka sayi shadda mai tsada ka kai wa telan da almakashinsa ya karkace. Muka kwance. A tsakanin zoben tazara da jikin wuƙar muka samu ɗan ɓurɓushin ƙarfe ya lanƙwashe ya manne kamar ƙwayar gero da aka taka, ɗaya zoben kuma gefensa ya tashi inda wani ya taɓa bugunsa da guduma. Sannan yaron da ke ɗaurawa ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗaure notin ne da dogon bututu tun kafin ya saka matallafin ƙarshen sandar, wato yana lanƙwasa sandar da ƙarfinsa kullum. Ban ga laifinsa ba, haka ya ga ana yi. Muka goge zobban a kan dutse mai laushi, muka wanke komai, aka sa matallafi sannan aka ɗaure, aka ɗan sassauta aka juya zobe aka sake, sau huɗu, har allura ta tsaya ƙasa da 0.01 a kafaɗu biyun. Awa ɗaya da rabi ya ci, ko sisi ba mu kashe ba.

Na uku shi ya fi ba mu wahala, kuma shi ne ya fi muni a ido: wasu wurare fuskar haƙorin kamar an yage ta, ƙarfen ya tattashi kamar bayan kifi. Baba ya cire tsohuwar wuƙar ya nuna min bakin haƙoranta, akwai wani ɗan abu mai haske da ya manne a kai, na sa farce ya ƙi fita. Yace wannan naman giyarka ne ya yi walda da bakin wuƙa. In ƙarfe yana da laushi da danƙo kuma gudun yanka ya yi ƙasa, ɓurɓushin ba ya zamewa ya wuce, mannewa yake a baki ya taru ya zama shi ne ke yankan, dakusasshe, in ya girma ya ɓalle ya tafi da guntun fuskar haƙori, wani ya sake taruwa. Mu kuma saboda tsoron kar wuƙa ta ƙone muna juya ta 120 a minti, a kauri 80 wannan mita 30 ne a minti, daidai inda mannewar ta fi jin daɗi. Wato lallaɓawar da muke yi ita ke kashe mu. Duk sanda na ga yagewa sai in ƙara rage gudu, ciwon ya ƙaru, in sake ragewa.

Tsohuwar wuƙar an sha wasa ta, rufin nan mai launin zinare da ke kare fuskarta daga zafi da ci, wanda ake kira TiN, ya tafi tuntuni, ba za ta ɗauki gudu sosai ba. Sabuwar mai zare 1 da rufinta ta zo, muka kai ta 260 a minti, kusan mita 65. Ranar farko oga yana tsaye yana salati don ya ɗauka za ta ƙone. Yagewar ta ragu sosai amma ba ta ɗauke duka ba, wasu giyoyin su fito sumul wasu da tabo, saiti ɗaya wuƙa ɗaya. A nan ne littafin da Baba ya tilasta min buɗewa ya yi rana, don yanzu kowace giya ina buga mata lamba ina rubuta daga wane sandan ƙarfe aka yanko ta da ƙarfe nawa na agogo aka yanka. Duk masu tabon daga sanduna biyu suka fito. An sayar mana da su duka a matsayin nau'in ƙarfen da ake kira 20MnCr5, ba takarda ba komai, kamar yadda aka saba a kasuwa, da muka kai aka gwada taurinsu waɗannan biyun sun yi laushi da yawa, sauran kuma suna tsakanin 160 da 200 a ma'aunin Brinell inda irin wannan ƙarfen ya fi yankuwa da kyau. Aka mayar da gutsattsarin sandunan biyu wuta sama da digiri 850 aka bar su suka huce a iska, aka sake fere su, yagewa ta tafi. Tun daga ranar ba ma ɗora ƙarfe a injin sai an gwada ɗaya daga kowane sanda.

Na huɗu ƙarce ne dogaye sirara nan da can ba tsari. Wannan bai ɗau lokaci ba. Tankin mai ya cika da laka, matatar ta yage an cire ta an ajiye tun bara, famfo yana ɗebo ɓurɓushi yana watsa wa wuƙa tana sake tauna shi, kuma an sha ƙara man da baƙin mai in ya yi ƙasa. Aka kwashe, aka wanke, aka zuba man yanka na gaske, aka sa matata, muka jera maganaɗisun tsofaffin lasifika a hanyar da man ke komawa, da yamma sai ka ga sun yi gashi kamar bushiya. Bakin bututun ma muka karkata shi yana bugun inda wuƙa ke fita daga yanka don ya wanke ta kafin ta zagayo.

Na biyar ne ya mayar da ni kamar mahaukaci. Wasu ƙananan raƙuman ruwa masu sheƙi a fuskar haƙori, yau akwai gobe babu. Na ƙara matse ƙarfen, na duba boris, na rage tsayin abun da ke riƙe giyar don ya yi tsawo da yawa kuma hakan ya taimaka kaɗan, amma abun yana dawowa. Wata rana da daddare ina duba littafin sai na lura duk masu raƙuman an yanka su ne a lokutan da wutar gari ta ɗauke. Da farko na ce wutar janareta ce ba ta da kyau. Baba da ya zo yace a kawo kofin ruwa, ya ɗora a kan jikin injin yana kashe, aka tada janareta, ruwan ya fara 'yan zobba. Janaretan yana bayan bango ne amma daɓen siminti ɗaya suke kai da injin, jijjigarsa ta ƙasa take zuwa. Muka sa aka tsaga daɓen aka yi ɗan rami tsakaninsu aka cika da yashi, aka ɗora janaretan a kan robobi masu kauri, aka sake daidaita ƙafafun injin don ɗaya ma ashe ba ta taka ƙasa sosai. Kofin ruwan har yau yana nan, yaran shago sun sa masa suna injiniya.

Sai a ƙarshe muka koma kan allon, kuma abun da muka canza kaɗan ne. Zurfin haƙorin milimita 9 ne, da can a tafi ɗaya muke cinye shi, yanzu biyu: na farko ya ci 8.5 da tafiya 2.5, na biyu ya ci rabin milimitan da ya rage a hankali. Na gwada barin 0.1 kawai don a ganina ƙarami ya fi kyau, sai fuskar ta fito tana wani sheƙi marar kyau, don a gefen haƙori abun da ya rage bai fi maikuron 34 ba, wuƙar gugar ƙarfen take ba yanka ba. Mun kuma juya alkiblar tafiyar yadda haƙorin wuƙa zai shiga da kauri ya fita da siriri, maimakon ya fara da gugar banza kafin ya kama, injin mai kwamfuta ba shi da lako-lako a sukurunsa saboda haka yana ɗauka. Sannan muka kunna matsar da wuƙa gefe kaɗan bayan kowace giya don kar haƙora uku huɗu su riƙa shan wahalar su kaɗai sauran suna hutu, kuma da cin bakin ya kai milimita 0.2 zuwa 0.3 a gilashi sai a cire ta, ba sai ta fara hayaƙi ba.

Rigimar da ta biyo baya ta lokaci ce. A tsohon saiti giya ɗaya minti 2 take ci a yanka. Da na sa tafiyar ƙarshe a 1 sai ta koma kusan minti 6 da rabi, oga yace Malam wannan ai sadaka muke wa Alhaji, man janareta kaɗai ya cinye ribar. Ni ina son 1 don fuskar tana fitowa kamar madubi, Baba ya goyi bayan oga, yace giyar matsar gyaɗa ce ba ta jirgin sama ba, maikuron 2.4 ya ishe ta. Aka tsaya a 1.5, kusan minti 5. Na ji haushi a ranar amma da aka ɗaura biyu-biyu a akwati aka saurara ni kaina ban iya bambance su da kunne ba.

Alhaji ya karɓi sabon kashin, bayan wata ɗaya ya kira oga yace akwatin ya yi shiru, ya ƙara oda, amma ya ƙi ƙara ko kwabo a farashi, yace ai gyaran kuskurenku kuka yi. Na buhun nan kuwa asararmu ce, an riga an taurara su ba sa gyaruwa a wurinmu, suna nan a lungu muna danne takarda da su.

Abun da ya rage mana yanzu wuƙar ce. An wasa ta sau biyu, rufin fuskarta ya tafi, na gefe ne kawai ya saura, kuma satin da ya wuce na fara ganin ɗan abun nan mai haske a bakin haƙora biyu, dole na sauke gudu zuwa 200. Ba mu da inda za mu kai a sake mata rufi a kusa, ko dai a tara uku huɗu a aika waje a jira, ko a sayi sabuwa da dala. Oga yace in bari sai Alhaji ya biya kuɗin odar nan tukuna.